Takardar da Aka Sa wa Hannu a Landan: Tafawa Ɓalewa da Yarjejeniyar Tsaro ta Najeriya da Ingila

A ƙarshen watan Nuwamba na 1960, tutar Najeriya ba ta ko cika wata biyu a sama ba, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun suka yi ayari zuwa Ikko. Harabar Majalisar Tarayya suka nufa, suka kutsa ciki da kwalaye da ihu, sai da 'yan sanda suka tarwatsa su. Takarda guda ce ta fito da su: yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Ingila, wadda gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kawo gaban majalisa. A ganin ɗaliban nan tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An sauke tutar Bature da rana, amma an bar wa jiragen yaƙinsa sararin samaniya.

Majalisa ba ta saurare su ba, ta amince da yarjejeniyar a cikin watan nan. Bayan wata 14, a Janairun 1962, gwamnatin da ta kare takardar da bakinta ita ce ta sanar da soke ta. Abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu, da abin da ya gabace su, shi ne ya fi nuna irin diflomasiyyar Malam Abubakar, da ƙarfinta da rauninta.

Mutumin da nauyin ya faɗa wa

An haifi Abubakar a 1912 a ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne, karatu ne ya ɗaga shi. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauchi ya koyar a makarantar midil har ya zama shugabanta, sannan ya yi shekara guda a Jami'ar Landan yana ƙaro ilimin koyarwa. A 1950 ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa ya kawo ƙudurin a gyara tsarin mulkin En'e, a lokacin da taɓa wannan magana kamar taɓa rawanin sarakuna ne. Bai zagi kowa ba, bai kuma janye ba. Halinsa ke nan tun farko: yakan nemi gyara daga cikin ɗaki, da murya a ƙasa, yana barin wa abokin magana hanyar fita ba tare da jin kunya ba.

Ya riƙe ministan ayyuka a 1952, daga baya ministan sufuri, sannan a 1957 ya zama Firayim Minista na farko. Sai dai kujerar ba irin wadda ake zama a miƙe ƙafa ba ce. A jam'iyyarsa ta NPC mataimaki ne, shugaba shi ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zaɓi zama a Kaduna. Yamma tana hannun Obafemi Awolowo, Gabas tana hannun Nnamdi Azikiwe, kowannensu kuma yana ganin shi ya fi cancanta ya yi magana da sunan ƙasar. Ga tabon 1953 bai warke ba, shekarar da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin samun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce sai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a titunan Ikko, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ya san cewa babban haɗarin da ke gaban Najeriya shi ne shugabanninta su kasa haɗuwa a kan rana guda. Da wannan tsoron Malam Abubakar ya shiga taron tsarin mulki na Landan.

Abin da Ingila take nema

Ruwa ba ya tsami banza. A 1956 Ingila ta sha kunya a rikicin mashigin ruwan Suwez, sararin Masar da Siriya ya zama ba abin dogaro ba ga jiragenta. A Yulin 1958 kuma sojoji suka kifar da gidan sarautar Iraƙi, wanda abokin Ingila ne na ƙut da ƙut. Ga ta da sojoji a Kenya da Adan da Singafo, tana buƙatar hanyar kai musu ɗauki ta sama idan ta ɓaci. Da hafsoshinta suka duba taswira, sai idonsu ya sauka a kan tsohuwar hanyar da suka sani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana haɗa jirage a Takoradi, su tashi su bi ta Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan, su isa Masar. Filin jirgin Kano ya taɓa yi musu rana, suna so ya sake yi.

Ba a Najeriya aka fara irin wannan ciniki ba. Silon, wadda yanzu ake kira Siri Lanka, ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro a 1947 kafin ta sami 'yanci. Malaya ta yi haka a 1957. A Saifurus ma, da aka ba ta 'yanci a 1960, Ingila ta riƙe yankuna biyu na sansanin soja waɗanda har yau suna hannunta. A wajen mahukuntan Landan abu ne da aka saba: za ka karɓi tuta, za ka bar mana wurin sauka.

A taron 1957 wakilan Najeriya sun nemi a tsayar musu da rana a 1960, Sakataren Mulkin Mallaka Alan Lennox-Boyd ya ƙi ɗaure kansa. Da aka dawo zama a Satumba da Oktoban 1958, sai Ministan Tsaron Ingila, Duncan Sandys, ya kawo maganar tsaro a gefen taron. Aka rubuta jigogin yarjejeniya: ƙasashen biyu za su taimaki juna, Ingila za ta horar da sojojin Najeriya ta ba su kayan aiki, jiragen yaƙin kowanne za su iya ratsa sararin ɗan'uwansa su sauka su sha mai, kuma Najeriya za ta ba Ingila hayar fili don aikin jiragenta, Kano ce a zuciyarsu. Tafawa Ɓalewa da Firimiyoyin jihohi uku, Sardauna da Awolowo da Azikiwe, duk suka sa alamar amincewa. A ƙarshen taron Lennox-Boyd ya sanar da cewa idan sabuwar majalisa ta nema, za a ba Najeriya 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960.

Ba a gaya wa jama'a abin da aka sa wa hannu ba. A nan, a ganina, cutar ta fara.

Daga baya Awolowo ya ce dole aka yi musu, cewa an nuna musu ranar 'yanci tana rataye ne da wannan sa hannu. Ingila ta musanta, ta ce ba sharaɗi ba ne. Amma ko ba a furta ba, wanda ke riƙe da ranar da kake nema idan ya miƙo maka takarda a mako ɗaya, ka san abin da ake nufi. Shugabannin nan huɗu sun daɗe ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ga rahoton hukumar Willink kan koken ƙananan ƙabilu yana kan tebur, ga barazanar cewa idan aka dage sai an ƙirƙiri sababbin jihohi to ranar za ta ja baya. Babu wanda yake so a ce shi ne ya jinkirta 'yanci saboda filin jirgi.

Rage wa takardar kaifi

Zaɓen Disamban 1959 ya sauya lissafi. NPC ta fi kowa kujeru amma ba ta kai ta kafa gwamnati ita kaɗai ba, sai ta haɗa kai da NCNC, jam'iyyar Azikiwe. Awolowo ya bar kujerar Firimiya ya zama jagoran 'yan adawa a Ikko. Mutumin da ya sa hannu tare da su yanzu yana ɗaya ɓangaren zauren, ya kuma san abin da ke cikin aljihunsu. A 1960 ya fasa ƙwai, ya gaya wa duniya akwai yarjejeniyar sirri, kuma a cikinta akwai maganar ba Bature sansani.

A taron ƙarshe da aka yi a Landan a watan Mayun 1960, Tafawa Ɓalewa da abokan tafiyarsa suka nemi a cire sashen hayar fili, Ingila ta yarda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu sukarsa sukan tsallake shi. Abin da ya isa majalisa a Nuwamba ba shi da sansanin soja a ciki. Abin da ya rage shi ne taimakon juna, da horo, da izinin ratsa sarari da sauka, da damar gwada jirage a yanayin zafi, da wasu kariya ta shari'a ga sojojin da ke ziyara.

To me ya sa bai yar da ita gaba ɗaya ba, tunda ya ga iskar da ke kaɗawa?

Dalili na farko yana cikin barikin soja. Sai a 1958 rundunar ta koma hannun gwamnatin Najeriya daga ofishin yaƙi na Landan. Ranar 'yanci mafi yawan hafsoshi Turawa ne, babban kwamanda Bature ne, kuma haka aka ci gaba har 1965. Babu rundunar sama ko ɗaya, ta ruwa kuma jaririya ce. A gabas ana yaƙin sunƙuru a Kamaru. A Kwango, wadda ta sami 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960, sojoji sun yi bore cikin mako guda, ƙasar ta fara tsagewa. Firayim Ministan da ke kallon wannan, wanda ya san yadda ɗinkin tasa ƙasar yake da rauni, ba zai yi wasa da wanda ke horar da sojansa ba. Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu ya tsaya a kan wannan hujja: Najeriya ce ta fi cin riba, domin ita ce mai buƙatar horo da kaya.

Dalili na biyu yana cikin halin mutumin. Ya ba da kalmarsa a 1958. A tarbiyyar da ya taso a ciki, magana zarar bunu ce, kuma dattijo ba ya cin alkawari don yara sun yi ihu. Yana kuma ganin cewa sabuwar ƙasa da ke neman rance da masu zuba jari ba za ta fara rayuwarta da warware abin da ta ƙulla ba. Ina girmama wannan. Amma alkawarin da aka ɗauka a madadin mutane miliyoyi ba tare da saninsu ba, ba daidai yake da alkawarin mutum a kan dukiyarsa ba, kuma a nan ɗaliban Badun sun fi shi gaskiya.

Akwai kuma wani saɓani da ba ya ɓoyuwa. Ranar 7 ga Oktoba 1960 Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin shi ne ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje da kansa, ya tsaya a gaban babban zauren ya ce ƙasarsa ba za ta manta da tsofaffin abokai ba, amma ba za ta bi wani ɓangare na manyan ƙasashe ido rufe ba. Bayan mako bakwai sai ga shi yana neman majalisa ta amince da yarjejeniyar soja da ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙawancen NATO. 'Yan adawa ba su sha wahalar neman abin faɗa ba. Tambayarsu mai sauƙi ce: idan Ingila ta tashi jirage za ta je murƙushe masu neman 'yanci a Kenya ko Rodeshiya, ta Kano za su bi?

Shekarar 1961

Wanda ya ɗauka cewa Tafawa Ɓalewa ɗan amshin shatan Turawa ne, shekarar 1961 za ta ba shi wahalar bayani. Faransa ta yi gwajin makamin ƙare-dangi a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a Fabrairu da Afrilun 1960, ta kuma sake na uku ranar 27 ga Disamba. Ranar 5 ga Janairu 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta rufe tashoshinta ga jiragen ruwa da na sama na Faransa. Ƙasashen da suka fi ta zafin baki ba su kai nan ba. Takunkumin jiragen bai daɗe ba aka janye shi, saboda ya fi cutar da maƙwabta irin Nijar da Cadi waɗanda kayansu ke bi ta tashoshin Najeriya, amma hulɗar jakadanci ta yi shekaru a yanke.

A watan Maris, a taron shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Landan, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda a rufe ido a kan wariyar launin fata, shekara guda bayan kisan Sharpeville, inda 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe baƙaƙen fata masu zanga-zanga. Firayim Ministan Afirka ta Kudu, Hendrik Verwoerd, ya janye takardar neman ci gaba da zama, ƙasarsa ta bar ƙungiyar a ƙarshen Mayu. A Kwango kuwa sojojin Najeriya da 'yan sandanta suna aiki ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan Najeriya Jaja Wachuku kuma shi ya jagoranci kwamitin sasanci da majalisar ta kafa kan rikicin Kwango.

Duk da haka takardar nan ta zama masa ƙaya a ƙafa. Afirka ta rabu gida biyu. A Janairun 1961 Gana da Gini da Mali da Maroko da Masar suka haɗu a Kasabalanka, suna kiran haɗewar siyasa da gaggawa. A watan Mayu wasu ƙasashe da suka fi su yawa suka haɗu a Monrobiya, suna cewa a fara da haɗin kan tattalin arziki da mutunta iyakoki, kuma Najeriya ce babbar murya a cikinsu. Duk lokacin da Ikko ta buɗe baki a kan makomar nahiyar, sai jaridun Akara, babban birnin Gana, su tuna mata da yarjejeniyar. Kisan Patrice Lumumba, Firayim Ministan Kwango na farko, wanda labarinsa ya fito a Fabrairu, ya ƙara hura wutar, matasa suka cika titunan Ikko suna jifan ofisoshin Turawa.

A cikin gida ma ba 'yan adawa kaɗai ke ƙorafi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai da Majalisar Matasan Najeriya ta Tunji Otegbeye duk sun sa ta a gaba. A cikin gwamnatin kanta, matasan NCNC da abokan ƙawancensu na NEPU ba su taɓa jin daɗinta ba. A watan Agusta aka kira babban taron jama'ar Najeriya a Ikko don duba manufofin ƙasar game da Afirka, K. O. Mbadiwe, mai ba Firayim Minista shawara, shi ya shirya shi, kuma muryoyin da suka fito daga zauren ba su goyi bayan yarjejeniyar ba. Idan taron da na kusa da kai ya kira ya gaya maka haka, to magana ta ƙare.

Saukewa

An shirya taron shugabannin Afirka a Ikko a ƙarshen Janairun 1962, kuma burin Tafawa Ɓalewa shi ne ya zaunar da ɓangarorin biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba zai yiwu mai masauki ya karɓi baƙi da wannan takarda a rataye a wuyansa ba. Kwanaki kaɗan kafin buɗe taron, gwamnatocin Najeriya da Ingila suka fitar da sanarwa tare cewa sun soke yarjejeniyar, saboda an yi mata mummunar fahimta, amma za su ci gaba da taimakon juna a harkar tsaro kamar yadda ya dace da abokan ƙungiya ɗaya.

A duba yadda aka yi abin. Ba a kori kowa ba, ba a yi jawabin cin mutunci ba, ba a ce Ingila ta yaudari Najeriya ba. Sanarwa ce ta haɗin gwiwa, wadda ta bar wa kowa mutuncinsa. Matasan hafsoshi suka ci gaba da zuwa Sandhurst, makarantar horar da hafsoshi ta Ingila, Turawan da ke cikin rundunar suka ci gaba da aikinsu. Masu suka suna cewa ai suna kawai aka goge, abin yana nan. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai bambanci babba tsakanin alfarmar da kake yi wa aboki, wadda kana iya hanawa gobe, da haƙƙin da ya rubuta a kanka. Kafin Janairun 1962 jirgin yaƙin Ingila yana da takardar da zai nuna. Bayan nan sai ya roƙa.

Sokewar ba ta kawo 'yan Kasabalanka Ikko ba. Sun ƙaurace wa taron saboda ba a gayyaci gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ba, wadda ke tsakiyar yaƙi da Faransa. Amma daftarin da aka tattauna a Ikko, mai tsayawa a kan daidaiton ƙasashe da rashin tsoma baki a harkokin cikin gida, shi ne ya yi rinjaye a Addis Ababa ranar 25 ga Mayu 1963, da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Da wuya Najeriya ta iya jan wannan ra'ayi har ya yi nasara da a ce har lokacin ana iya nuna ta da yatsa a ce ga mai gadin Bature.

Yana da kyau a dubi maƙwabta don a gane girman abin. A Afrilun 1961 Nijar da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yanzu) da Kwaddibuwa suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda ta haɗa har da maganar albarkatun ƙasa masu amfani ga soja. Sojojin Faransa sun zauna a ƙasashe da dama na yankin shekaru gommai bayan haka. Gini ta Sekou Toure ta bi ɗaya hanyar, ta ce a'a a ƙuri'ar 1958 ta zama cikin tarayyar Faransa, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da tallafinta cikin fushi, talakan Gini ya ɗanɗana kuɗarsa. Tafawa Ɓalewa bai bi ko ɗaya ba. Ya karɓi abin da ya ga ba makawa don a sami rana, ya cire mafi munin sashensa kafin ranar ta zo, ya ajiye sauran lokacin da tsadarsa ta fi amfaninsa. Laifinsa shi ne shekara biyu da aka yi ana ɓoye wa mutane, da kuma shekara guda da ya ƙara yana kare abin da ya riga ya mutu a zukatan jama'a. Wannan jinkiri ya ba matasa masu ilimi hujjar ɗaukar gwamnatinsa a matsayin ta 'yan koren Turawa, tambarin da bai goge ba har ƙarshen Jamhuriya ta Farko, ko da yake ayyukansa na 1961 sun ƙaryata shi.

Bayan sokewar gwamnati ta fara raba ƙafa wajen neman horo. Da aka kafa rundunar sojan sama a 1964, Jamus ta Yamma aka kira ta taimaka. Makarantar horar da hafsoshi da aka buɗe a Kaduna a shekarar nan, hafsoshin Indiya ne suka tayar da ita. A Janairun 1964 kuma sojojin Tanganyika (babban ɓangaren Tanzaniya ta yanzu) suka yi bore, shugaban ƙasar Julius Nyerere ya rasa yadda zai yi sai da ya kira sojojin Ingila suka kwantar da tarzomar, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai. Da ya nemi wata ƙasar Afirka ta zo ta karɓe su don Turawan su tafi, bataliyar Najeriya ce ta sauka a Darussalam.